Gado na Huɗu

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Tun la'asar aka ɗauke wuta,
janareta na ta tari a bayan ɗakin wanki.
Ni ce mai biro da fayil,
ni ke rubuta abin da aka yanke,
ba ni ke yankewa ba.

A gado na huɗu Baba Ɗanjuma,
tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri,
yau kwana tara inji ke ɗaga masa ƙirji.
An haska idonsa, ƙwayar ba ta motsa ba.
An ɗura ruwan sanyi a kunnensa, shiru.
Zuciya dai na nan tana bugawa
kamar agogon bango a gidan da aka tashi.

A bakin ƙofa, kan gadon turawa,
wata ɗaliba daga Kawo,
asma ta shaƙe mata wuya,
leɓɓanta sun soma komawa toka.
Injin kuwa guda ɗaya ne.

Dakta Zigwai, da ke tsallako gada daga Narayi,
da ɗan gicciyenta a ƙarƙashin farar riga,
ta ce, "Wanda ya hura numfashi a hancin Adamu
shi kaɗai zai janye abinsa.
Yatsana ba zai taɓa maɓallin nan ba."
Ba faɗa take ba. Muryarta ce ke rawa.

Dakta Mudassir na Unguwar Shanu
ya daɗe yana murza carbi a aljihu
kafin ya ce, "Ni ma a kan haka na tashi.
Amma na bi malamai da tambaya.
Wani ya ce in ƙwaƙwalwa ta mutu an karɓi amana,
riga ce muke riƙe da ita, mai ita ya fita.
Wani ya ce a'a, sai zuciya ta tsaya.
Shekara shida ina kwana tsakanin fatawa biyu."

"In kuma kuskure ne fa?"
"In barin waccan ne kuskuren fa?"

Aji ɗaya suka yi a Zariya,
gawa ɗaya suka feɗe,
littafi ɗaya suka haddace har bangonsa ya cire.
Babu shafin da ya zo da wannan dare.

Yarinyar ta ja wani numfashi mai ƙara
irin na ƙofar langa-langa.

Sai Zigwai ta buɗe durowa,
ta ɗauko jakar roba ta hura iska,
wadda ake matsawa da hannu.
Ta ce, "Kai mata injin.
Wannan kuma ka bar mini shi."

Matsa, saki. Matsa, saki.
Na ji tana ƙirgawa da yarensu,
can kuma ƙirgen ya koma addu'a.
Wajen ƙarfe huɗu yatsunta suka ƙage.
Mudassir, wanda ya ce mai rigar ya fita,
ya ja kujera ya karɓa,
bai ce uffan ba.

Da ladan ya yi kira daga masallacin bakin titi
ta sake karɓa, ta ce, "Je ka, ina nan."
Ya dawo da danshin alwala a gemu
ya zauna.
Haka suka yi ta miƙa wa juna
numfashin mutumin da ba su yarda ba
ko yana nan ko ya tafi.

Biyar da minti arba'in layin ya miƙe.
Ba wanda ya taɓa komai.
Can gefe, ƙirjin yarinyar na hawa yana sauka,
uwarta ta yi barci a zaune, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na rubuta lokaci, na rubuta suna.
Fom ɗin bai tambayi wa ke da gaskiya ba,
bai kuma tambayi a hannun wa jakar take ba.
Na gani.
Na rufe fayil, na je ɗora ruwan shayi.