Tsakanin Biyu da Uku

Bayan masaƙar da ta mutu a Kakuri
akwai miƙaƙƙiyar kwalta da aka manta da ita,
mita ɗari huɗu daga ɗakin maigadi
zuwa darbejiyar da tsawa ta tsaga.
Can Oga Katung ya kai ni ran Lahadi,
ya taso coci, ko taye bai kwance ba,
ya miƙo makullin tsohuwar Fijo
wadda ta girme ni da shekara tara.

Ya ce, “Huzaifa, taka totur ba gwaninta ba ce,
ko buhun masara ka ɗora zai taka.
Hannunka nake son gani,
da kunnen da ke aikensa.”

Karon farko na yi garaje.
Allura ba ta kai dubu huɗu ba na cafki biyu,
inji ya yi tari, ya durƙusa
kamar wanda aka tasa daga barci aka aza wa kaya.
Oga ya cire tsinke daga baki:
“Ka sauke tukunya ba ta nuna ba.”

Karo na biyu na yi rowa.
Na ƙanƙame giya har allura ta kutsa ja,
ƙara ta cika unguwa, zabi suka watse,
amma kujera ta daina turo bayana.
“Ka ji ko? Kururuwa ce.
Ƙarfin ya sauka tun ɗazu, ya bar ka da hayaniyarsa.”

Ya tsuguna, ya zana tudu a ƙasa da sifana.
“Ga ƙololuwa. Kar ka canza a kanta.
Gota ta kaɗan,
don in ka dira a giyar gaba
ka tarar da ƙarfi yana jiranka,
kar ka faɗa kwari kana lalube.
Ɗaya da biyu akwai rata, Kawo da Sabo ne,
ja ɗaya ta yi nisa kafin ka sake ta.
Uku da huɗu katanga guda ta raba su,
ban da doguwar sallama.
Allurar nan kuma kullum a makare take zuwa,
in ka jira bakinta, an riga an tashi kasuwa.”

Wata uku muna haka.
Taya biyu suka suɗe, farantin kuloci ya ƙone,
albashina na Kurmin Mashi ya bi hayaƙin salansa.

Ranar da Jafaru ya zo daga Rigasa da Hondarsa,
Oga ya liƙe min agogon da baƙin salatif.
Hula ta faɗi, muka ɓalle.
Ɗaya ta yi daidai, har haƙorana suka shaida.
A biyu na sha gabansa da tsawon ƙofa.
Sai na ji nasa injin ya haɗiye numfashi, ya shiga uku,
hannuna ya bi shi tun ban aike shi ba.
Fijo tana da sauran magana a bakinta,
na katse ta.

Da faɗin fitila ya riga ni darbejiya.

Oga bai yi faɗa ba.
Ya ɓare salatif a hankali, ya naɗe a yatsa,
ya ce, “Injin wa kake tuƙawa?”

Yanzu kunnensa ya tafi,
shekara arba’in na guduma da salansa sun karɓi nasu.
Duk da haka wata Lahadin yakan zauna gefena,
ya dafa gaban mota da tafin hagu,
ya rufe ido.
In lokaci ya yi sai ya ɗan bugi gwiwata.
Wani sa’in hannuna ya riga shi,
wani sa’in nasa.
Ran da suka zo tare ba ya cewa komai,
sai mu juya Tudun Wada, ya saya min balangu.