Kwalba Goma Sha Tara

Ran Litinin Malama Eusebia ta ce mu zo da kwalba,
kowa ya ɗebo cikin tafi daga gonar gidansu.
Makarantarmu na kan tudu, tafkin Titikaka na can ƙasa,
sanyi na cizon yatsu,
muka hau, mu goma sha tara, aljihu cike da ƙasa.

Ta Wilber ja ce, daga gindin dutse.
Ta Nayra baƙa wuluk, tana warin garke.
Tawa fari-fari, na tura ta bayan littafi
kamar mai ɓoye riga mai faci.

Ruwa, ɗigon sabulu, a rufe, a girgiza
sai kafaɗa ta yi tsami.
Muka jera su a taga.
Malama ta ce, saura haƙuri.

Yashi, sarkin nauyin jiki, shi ya fara kwanciya.
Kafin a tashi, laka ta bi sawunsa.
Yumɓu kuwa ya ƙi sauka,
kwana biyu yana gantali a ruwa
kamar baƙon da ya ɓata masauki.

Ran Laraba aka sa rula.
Tawa yashi ce, kusan duka.
Ba ɗan baƙi-baƙin nan da ke iyo a sama,
ruɓaɓɓen ganyen da dankali ke ci.
Malama ta jiƙa, ta murza a tsakanin yatsu,
ta ƙi haɗuwa, ta watse.
Wilber ya tuntsire da dariya. Na haɗiye tawa maganar.

Da dare Kaka Fortunata ta ɗaga kwalbar saitin fitila,
ta daɗe tana kallo,
ta lakato, ta ɗora a harshe.
"Shekara bakwai ina gaya wa ubanki
gonar nan yunwa take ji.
Sai da kwalba ta yi magana?"
Baba bai ɗago daga kwanonsa ba.

Asabar da asuba na ji shi yana ɗaure buhu.
Takin tumaki, sawu takwas muka yi.
Malama ta ba kowa ƙyallen auduga, ta ce a binne,
a bar shi wata biyu;
in an tarar an ci shi, akwai masu rai a ciki.

Na binne nawa, na aza dutse.
Saura kwana tara.
Jiya dai na tona gefe guda, ban gaya wa kowa ba:
huda uku, ƙanana,
kamar kafar allura.