Gefen Hoto

Shagona yana kan tudu a Valparaíso,
hawa na biyu, saman mai gyaran takalma.
Ta taga ana hango jiragen ruwa
sun yi lamo, kamar su ma an ɗauke su hoto.
Sana'ata in sa abin da ya tsaya ya motsa.
Ba ƙarya nake yi ba:
ido nake tafiyarwa, hoton yana nan inda yake.

Ranar Talata Herminia Ulloa ta hawo matakala,
tana hutawa a kowace ta biyar,
da kwalin takalmi a hammata, ɗaure da zaren ulu.
Mijinta Baldomero ya cika shekara da rasuwa.
'Ya'ya suna son bidiyo na minti huɗu,
da kiɗa mai taushi, a kalla bayan an ci abinci.

Hoto talatin da ɗaya.
Na jera su a kan layin lokaci, kowanne daƙiƙa bakwai.
A farkonsa in kafa turke, a ƙarshensa in kafa turke,
tsakani ido ya yi kiwo a hankali,
daga takalmi zuwa hula,
daga taron biki zuwa fuska ɗaya.
In ka yi sauri, mai kallo ya ji jiri.
In ka yi nawa, ya duba wayarsa.

Na goma sha tara: bakin tashar jirgi,
maza shida a jere, ragar kifi a gabansu.
Baldomero a tsakiya, gashin baki, hannu a ƙugu.
Na zuƙo shi. Na ƙara.
Kunci ya fara fashewa, ido ya koma tsaki-tsaki,
ɗigo baƙi, ɗigo ruwan toka.
Na ce, "Iyakarsa ke nan, uwa.
In na matsa, mutumin zai watse."
Ta ce, "Shekara hamsin da biyu ina kallonsa kurkusa.
Ƙyale shi. Ja hagu."

Na ja hagu.
Na wuce mai hular saƙa, na wuce mai taba a kunne,
na wuce wani kare da ya motsa, ya fito da kai biyu.
"Ci gaba."
Can a bakin hoto akwai kafaɗa,
rabin kunne, da hannu riƙe da igiya.
Sauran mutumin mai hoto ya yanke shi,
ba da mugunta ba, wurin ne bai isa ba.

"Evaristo," in ji ta. "Ƙanena.
Wata uku bayan wannan, teku ya ƙi maido shi.
Ba mu da wani hoton nasa. Ci gaba."

Na ce, "Babu komai a gaba. Takarda ta ƙare."
Ta dube ni ta saman tabarau,
irin duban da ake yi wa yaron da ya musa wa babba.
Na ja.
Kafaɗa ta sulale dama, baƙi ya shigo ta hagu,
ya ci rabin allo, ya cinye duka.
A wurinmu wannan aibi ne,
kuskuren ɗan koyo a makonsa na farko.
Fankar kwamfuta kaɗai ke magana.
A ƙasa mai takalma yana buga ƙusa.

"Nan," ta ce, ta ɗora yatsa a kan gilashi.
"Nan fuskarsa take. Dariya yake yi,
haƙorinsa na gaba ya ɓalle tun yana yaro.
Daƙiƙa nawa ka ba sauran?"
"Bakwai."
"Ba shi tara."

Na kafa turke a cikin duhun.

Ranar Asabar babbar 'yarta ta kira ni,
ta ce bidiyo ya yi kyau, kowa ya yi kuka,
sai dai wuri guda ya lalace, ko zan gyara?
Na ce ta tambayi mahaifiyarta.
Ba ta sake kira ba.

Shatin yatsan yana nan a allona,
ƙasa kaɗan da tsakiya.
Nakan ɗauko tsumma,
sai in tuna da wani aikin.