Kumfar Kwalba

Shekara tara ina bakin Kasuwar Dole
da firji mai kukan tsohuwar akuya,
ina buɗe wa 'yan kabu-kabu kwalabe.
Tsss! Ƙarar nan ita ce sallamata.
In rana ta take, sai in buɗe tawa,
ba kwankwaɗa ba, kurɓa,
kaɗan-kaɗan har la'asar sakaliya.

Daren Laraba turmin hagu ya tashe ni.
Na cusa kanumfari, na gwada gishiri da ruwan ɗumi,
na kwana zaune, ina ƙirga carar zakarun Karkada.

Malama Zuwera ta leƙa bakina
da madubin da bai kai kan cokali ba.
Ta ce, Barmo, ka yi wa tsami masauki.
Na ce, wane tsami? Zaƙi nake sha.
Ta ce, iskar da aka ɗaure cikin kwalba,
mai tsallen nan da ke tsikarar hanci,
in ta narke a ruwa, tsami take komawa.
Rarrauna ne, ba ya ƙuna, ba ya faɗa,
lasa kawai yake,
har farin sulken haƙori ya yi laushi.
Sukari ya biyo sawu, ya yi wa ƙwayoyin cuta walima,
su ma su zubo nasu tsamin, wanda ya fi mugunta.
Yawu na ta yaɓen katanga,
kai kuma kana aiko mata marka.

Ta ja ni taga, ta nuna duwatsun Birni.
Ruwan sama ma da ɗan tsamin nan yake sauka,
shi ya cinye kaifin ƙattin can,
ya fafe musu kwarmin da ƙadangaru ke sha.
Dutse ke nan.
Kai talatin da biyu aka ƙirga maka, ba gyara.

Jaka biyu na biya, na bar mata turmin a faranti.

Ban daina sana'a ba, da ita nake cefane.
Na dai ajiye buta kusa da firji.
Wanda ya saya, in ce ya shanye a tashi ɗaya,
ya kuskure baki, ya dakata kafin asuwaki.
Wasu su yi dariya, su ce Barmo ya zama likita.

Jiya Falmata, 'yata, ta zo da giɓinta,
sabon haƙori na leƙowa kamar tsiron hatsi.
Ta miƙa hannu ga kwalba.
Na ba ta ruwan randa.
Ta yi fushi.
Harshena ya koma ramin nan,
yana gaida wanda ba ya gida.