Mai Ƙanƙara ta Garin Malam

Ni ƙanƙara nake sayarwa,
ƙulli dala biyar, in rana ta yi kirki dala goma.
Da ita na kai Cima jami'a,
yanzu ta ce saura digirin digirgir,
sunan kaɗai ya ishe ni nauyi.

Na ce, me za ki karanta da bai ƙare ba?
Ta ɗauki dala a faranti, ta murza a kan turmi.
Inna, kai ne ko gindi?
Na ce ai ba ta faɗi ba.
Ta ce to a nan nake so in yi lissafi,
kafin ta faɗi.
Kwantum, in ji ta. Da shi za a koya wa inji basira,
ya daina cin wutar gari guda don amsa tambaya ɗaya.

Wai injin nan sai da sanyi,
sanyin da firigona bai taɓa mafarkinsa ba.
Ɗumi kaɗan, ya mance karatunsa.
A leƙa shi, ya ɓaci.
Nan ne na gane.
Shekara sha tara ina faɗa wa yaran gidan nan:
in an ɗauke wuta, kar wanda ya ɗaga murfi.

Takardar neman bursi shafi sha ɗaya ce.
Sun tambayi kayan aikin da take da su,
ta rubuta: kwamfuta ɗaya, batir ya kumbura.
Malam Kiyari ya sa hannu da biron aro.
Mutum ɗari huɗu, gurbi biyu.
Na ce wannan wane irin adashi ne,
kowa ya zuba shekarunsa, biyu su kwashe?

Wata biyar muna jira.
Famfo ya kafe sau uku, garuwa ya yi tsada,
duwatsun Birni suka gasu har dare.

Yau bayan la'asar wayarta ta yi ƙara.
Ta ga daga inda saƙon ya fito, ta kife ta a tabarma.
Inna, yanzu na samu kuma ban samu ba,
bar ni haka zuwa isha.

Na bar ta.
Sai dai ni na san abin da littafinta bai faɗa ba:
ko an rufe murfi, ƙanƙara tana narkewa.
Na tura yaro ya kai wa mai shayi ƙulli shida,
na wanke hannu, na zauna kusa da ita.
Cima, ɗaga.