Rabon Gida Mai Lamba Tara

Shekara goma sha tara ina raba wasiƙu a bayan garin Dayton,
a layin da ba ya ɓullewa, sai ka kewaye bishiya ka dawo.
Kamfanonin talla sun kasa gidajen nan kashi-kashi
kamar mahauci da nama,
alhali ko ciyawar layin ba su taɓa takawa ba.
Ni ke ɗauke musu kaya, don haka na san rabon kowa.

Gidan Brandvold mai shuɗiyar ƙofa, "sababbin iyaye" aka rubuta:
rangwamen madara, kujerar jariri ta mota.
Keke uku a kwance a ƙofar gida, kullum ɗaya ba iska.

Su Pham kuwa "masu tasowa" ne,
hotunan ɗakin girki na alfarma ake turo musu.
Miji ya fita da duhu, mata ta dawo da duhu,
kare kaɗai ya san kamannin gidan da rana.

Tsoho Lyle Ostrowski, "tsuntsaye sun tashi, saura sheƙa":
tallan yawon jirgin ruwa da na'urar jin magana.
Ya aske ciyawa Asabar, ya sake aske ta Talata,
ba don ta yi tsawo ba.

Gida mai lamba tara ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.
Na'urarsu ta ce "iyali mai yaro ɗan makaranta",
duk Agusta sai na kawo tallan jaka da biro,
da takalmin ƙwallo, lamba ɗaya sama da na bara.
Shekara huɗu ke nan da binne Wendell.
A lissafin kamfani yana nan yana girma,
bana har inshorar mota aka fara tallata masa.

Na taɓa cusa takardun a ƙasan jaka, wai ni mai tausayi.
Marjorie ta tare ni a bakin akwati,
da rigar barci, dusar ƙanƙara na zuba a kanta,
ta ce, "Ina na Wendell? Miƙo.
Su kaɗai suka rage masu rubuta sunansa."

Tun ranar a sama nake ɗora su.

Da yamma na buɗe nawa akwatin:
"mai zaman kaɗaici, ritaya ta kusa",
da hoton tukunyar da ke dafa na mutum ɗaya.
Na duba kuɗinta. Ba tsada.