Kande Biyu a Ɗaki Ɗaya

Awa goma sha tara ina tsaye.
Barau da zai canje ni,
babur ya mace masa a hanyar Jahun.
Sola ta ɗauke tun bayan lisha,
sai fitilar waya da na ciza a baki.

Gado na uku, Kande. Gado na biyar, Kande.
Ɗaya zazzaɓi ya kayar,
ɗaya jini ya hau mata bayan haihuwa.
Katinsu biyu a aljihu guda,
rubutun likita kamar sawun kaza a jiƙaƙƙen rairayi.
Na ji nauyin tashinsa a waya,
kada a ce shekara tara a Harbo
ban iya karanta takarda ba.

Kwalabe biyu, wa da ƙani,
tsayi ɗaya, hula ɗaya.
Na zuƙa. Na ce, "Kande?"
Ta ce, "Na'am."
Ai ba ta yi ƙarya ba.

Tsinin allura na shafar fata
sai Iya Tabawa mai jinya,
mai daddawar nan da ko bihim ba ta sani ba,
ta ce, "Ɗan nan, ta jiya ruwan ɗorawa ce,
wannan kuwa na ga fara."

Hannuna ya sandare.
Na ji kukan kwaɗin fadama ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na rubuta a babban littafi.
Barau ya ce, "Goge, tunda Allah ya kiyaye."
Ya kiyaye, haka ne,
amma da bakin tsohuwa ya kiyaye.
Ran da ta tafi cin kasuwa fa?

Yanzu ba na kiran suna a amsa mini;
cewa nake, "Faɗa mini sunanki, da na mahaifi, da gari."
Na raba wa da ƙani, kowa da kantarsa,
na ɗaura wa ɗaya jan zare a wuya.
Ina karantawa in zan ɗauka,
in sake a bakin gado.
Likita ya yi faɗa in na tashe shi;
faɗa ba ya haƙa kabari.
Ido in ya yi nauyi, ina faɗi.

Kanden gado na uku ta warke.
Ran Juma'a ta aiko mini da riɗi a ƙullin leda.
Har yau ba ta sani ba.
Yana nan kan tebur, na kasa ci.